Nauyin Guru: Wanke Ƙafar Malamai da Iyaye a Makarantun Hindu

A watan Yulin 2025, a ranar da mabiya addinin Hindu suke kira Guru Purnima, wato ranar girmama guru ko malami, wasu hotunan bidiyo suka fito daga jihar Kerala da ke kudancin Indiya. Malamai ne zaune a kan kujeru, wasunsu tsofaffi da suka riga suka yi ritaya. Ɗalibai sanye da kayan makaranta sun durƙusa a gabansu, suna zuba ruwa suna wanke musu ƙafafu, sannan su zuba furanni a kai. Makarantun masu zaman kansu ne, kuma da dama daga cikinsu suna ƙarƙashin reshen ilimi na ƙungiyar RSS, babbar ƙungiyar masu kishin Hindu. Kafin mako ya zagayo jihar ta ɗauka. Ministan ilimi, V. Sivankutty, na gwamnatin 'yan gurguzu da ke mulkin jihar a lokacin, ya yi tir da abin, ya ce cusa wa yara halin bayi ne. Hukumar kare haƙƙin yara ta shiga maganar. Shi kuwa gwamnan jihar, Rajendra Arlekar, wanda daga Delhi aka naɗo shi kamar yadda tsarin Indiya ya tanada, ya ce girmama guru al'adar ƙasar ce, kuma bai ga laifinta ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga hoton yaro yana sunkuyawa ya taɓa ƙafar babba. Shekara da shekaru muna ganinsa a finafinan Indiya: ɗa ya dawo daga tafiya, ya sunkuya, uwa ta ɗora masa hannu a ka. Saboda haka idan labarin Kerala ya iso mana, hukunci biyu ne suke saurin zuwa baki. Wani zai ce shirka ce, a wuce wurin. Wani zai ce ai ladabi ne, ina ma yaranmu. Harshenmu ma ya haɗa rigimar a kalma ɗaya, domin da abin da ministan yake ƙorafi a kai da abin da Musulmi yake gudu, duk bauta muke ce musu. Amma duka hukuncin biyu sun yi gaggawa. Al'adar tana da tushe mai zurfi, tana da sharuɗɗan da ita da kanta ta gindaya, kuma yawancin rikicin yau ya samo asali ne daga ɗauko bikin a bar sharuɗɗan a baya.

Mu fara da kalmar. A makarantu ana koya wa yara cewa "gu" duhu ne, "ru" kuma mai kore shi, wato guru shi ne mai fitar da mutum daga duhu. Fassara ce ta malamai, kuma tana cikin littattafansu. Sai dai asalin ma'anar kalmar a harshen Sanskrit shi ne mai nauyi. Wannan ya tsaya mini a rai, domin babu harshen da ya fi namu shirin fahimtarsa. Mukan ce muna jin nauyin mutum, wato kwarjininsa ya hana mu sakewa a gabansa. Mukan kuma ce wane ya ɗauki nauyin wane, wato ci da sha da sutura da tarbiyya suna wuyansa. Nauyi ɗaya ne, ɗaya yana ji, ɗaya yana ɗauka. Tsohon tsarin karatun Hindu a kan waɗannan biyun aka gina shi, a tare.

Sunan tsarin gurukula, ma'ana gidan guru ko iyalinsa. Yaro yana da shekara takwas zuwa goma sha biyu, gwargwadon ajin da aka haife shi a ciki a tsarin Hindu na kasa al'umma aji-aji, sai a yi masa bikin da ake kira upanayana, a rataya masa zare a kafaɗa, a miƙa shi ga malami. Daga ranar ya bar gidan ubansa. Littafin Atharva Veda ya kwatanta abin da cewa malami yana ɗaukar ɗalibin a cikinsa kamar ɗan tayi har dare uku, sannan ya haife shi. Shi ya sa ake kiran wanda aka yi wa bikin mai haihuwa biyu. Karatun yakan ɗauki shekara goma sha biyu. Ɗalibi yana zuwa wurin malami da itacen wuta a hannu, alamar ya shirya hidima. Yana kiwon shanun gidan, yana kula da wutar ibada, yana fita bara gida gida ya kawo abin da ya samu gaban malaminsa kafin ya ci. Wanda ya san tsangaya ba ya bukatar dogon bayani a nan: itacen da almajirai suke yowa don karatun dare, ƙoƙon bara, noman gonar malam, uba ya damƙa ɗansa ya juya. Addinan sun sha bamban nesa ba kusa ba, amma tsarin zaman ya yi kama ƙwarai.

Ba a biyan kuɗin makaranta wata wata. Sai an sauke karatu, ɗalibi ya yi wankan kammalawa, sannan ya kawo abin da ake kira guru dakshina, kyautar sallama, gwargwadon ƙarfinsa ko abin da malamin ya nema. Kafin wannan rana, malamin ne uba, shi ne mai ciyarwa, shi ne mai jinya. Don haka yaron da ya wanke ƙafar irin wannan malami, ƙafar mutumin da ya raine shi shekara goma sha biyu yake wankewa.

Akwai wani nassi da kusan kowane ɗan makarantar Hindu ya haddace wani yanki nasa. Yana cikin Taittiriya Upanishad, kuma huɗuba ce ta bankwana da malami yake yi wa ɗalibin da ya gama. Yana cewa ka faɗi gaskiya, ka bi tafarkin daidai, kada ka yi sakaci da karatu. Ka kawo wa malaminka abin da zai faranta masa, sannan ka je ka yi iyali kada zuriya ta yanke. Sai jimloli huɗun da ake rubutawa a bangon azuzuwa: "Matru devo bhava, pitru devo bhava, acarya devo bhava, atithi devo bhava." Wato ka ɗauki uwarka a matsayin abin bauta, haka ubanka, haka malaminka, haka baƙonka. A lura da jerin. Malamin da yake magana bai sa kansa a gaba ba, uwa ya fara ambata, kuma yana faɗin haka ne a daidai lokacin da yake mayar da yaron ga iyayensa. Littafin dokoki na Manu ma ya yi wani lissafi makamancin wannan: babban malami ya fi mai koyarwa don lada sau goma, uba ya fi babban malami sau ɗari, uwa kuwa ta fi uba sau dubu. Duk da haka a baiti na gaba sai ya ce tsakanin uban da ya haife ka da wanda ya ba ka ilimin Veda, tsofaffin littattafansu masu tsarki, na biyun ne ya fi girma. Wannan ja-in-ja tsakanin gida da makaranta tsoho ne a al'adar, ba a taɓa warware shi gaba ɗaya ba.

A nan ne Musulmi zai tsaya, kuma yana da dalili. A wurinmu iyakar a fili take: Alƙur'ani ya haɗa kaɗaita Allah da bauta da kyautata wa iyaye a aya ɗaya, amma ya bambanta su, ɗaya ibada, ɗaya kyautatawa. A tunanin Hindu babu wannan katanga, domin suna ganin abin bauta yana bayyana a cikin halitta, a kogi, a wuta, a uwa, a malami. Yaran da suke rera baitin nan da safe, wanda yake cewa guru shi ne Brahma, shi ne Vishnu, shi ne Shiva, wato manyan allolinsu, ba azanci kawai suke yi ba, aƙida ce. Ba aikina ba ne in daidaita aƙidun biyu, ba kuma za su daidaitu ba. Abin da nake so a gani shi ne abin da ya biyo bayan jimloli huɗun nan a cikin nassin, wanda ba kasafai ake rubuta shi a bango ba.

Malamin ya ci gaba da cewa: ayyukan da babu zargi a cikinsu, su za ka yi, ban da waɗansu. Halayenmu na ƙwarai, su za ka bi, ban da waɗansu. Mutumin da aka ce a ɗauke shi kamar abin bauta, shi da bakinsa yake faɗa wa yaro cewa ina da halayen da bai kamata ka kwaikwaya ba, kuma kai ne za ka tantance. Ban san wata magana da ta fi wannan nuna darajar malami ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Bhagavad Gita, ɗaya daga manyan littattafansu, ta ce ana neman ilimi da abu uku: sunkuyawa, da yawan tambaya, da hidima. Tambaya tana tsakiya. A cikin Mahabharata, doguwar waƙar labarin jarumansu, akwai baitin da ya ce guru mai girman kai, wanda bai san abin yi da abin bari ba, wanda ya saki hanya, a rabu da shi. Yaran Hindu suna tashi da labarin Prahlada, yaron da ya ƙi bin ubansa sarki da malaman da uban ya ɗora masa, kuma shi ne gwarzon labarin. Suna tashi da labarin Naciketa, wanda ya ga ubansa yana sadaka da tsofaffin shanun da ba su da sauran amfani, ya tuhume shi. Mu ma muna cewa bin na gaba bin Allah, amma kowane ɗalibin fiƙihu ya san babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci.

To me ya sa wanke ƙafa ya tayar da ƙura haka a Kerala? Saboda ƙofar gurukula ba ga kowa take a buɗe ba. Bikin zaren nan na ajujuwa uku ne na sama. Shudra, masu hidima, ba a yi musu, balle waɗanda aka ɗauka taɓa su ma ƙazanta ce. Mata ma a mafi yawan zamunna a waje suke. Kuma ƙafa ba gaɓa ce kawai ba a wannan tarihi. Wata waƙa a cikin Rig Veda ta ce an halicci Brahmana, ajin malaman addini, daga bakin mutumin farko, mayaƙa daga hannayensa, 'yan kasuwa da manoma daga cinyoyinsa, Shudra kuwa daga ƙafafunsa. Wanda kakanninsa suka shafe ƙarnoni ana faɗa musu cewa wurinsu ƙafa ne, idan ya ga 'yarsa durƙushe tana wanke ƙafar wani a makarantar da yake biya wa kuɗi, ba ladabi zai fara gani ba.

Labarin da ya fi kowanne ciwo a nan shi ne na Ekalavya, a cikin Mahabharata. Yaro ne ɗan mutanen daji. Ya je wurin Drona, malamin harbin 'ya'yan sarauta, Drona ya ƙi karɓarsa. Yaron ya koma daji ya gina siffar Drona da yumɓu, ya riƙa gaishe ta yana koya wa kansa harbi, har ya fi Arjuna, ɗalibin da Drona ya yi wa alkawarin ba za a sami wanda ya fi shi ba. Da Drona ya gano, sai ya ce tunda ni ne malaminka, kawo kyautar sallama: babban yatsanka na dama. Yaron ya yanke ya miƙa. An daɗe ana karanta wa yara wannan a matsayin ƙololuwar biyayya. Marubutan Dalit kuwa, wato waɗancan da aka ɗauka taɓa su ƙazanta ce, suna karanta shi a matsayin tarihinsu: malamin da bai ɗauki nauyin komai ba, ya zo karɓar komai. Indiya ta yau tana riƙe da sunayen biyu. Tun 1985 lambar yabon da gwamnati take ba masu horar da 'yan wasa sunan Drona take ɗauke da shi, makarantun kwana da take gina wa 'ya'yan ƙabilun daji kuwa sunan Ekalavya.

B. R. Ambedkar, ɗan Dalit wanda aka haifa a 1891 kuma ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya ɗanɗana wannan da jikinsa. A makaranta a kan buhun da ya zo da shi daga gida yake zama, nesa da sauran yara. Idan yana jin ƙishi sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa mazubin, ranar da masinja bai zo ba kuwa babu ruwa. A jawabinsa na 25 ga Nuwamban 1949 ya gargaɗi ƙasar cewa miƙa wuya ga gwarzo yana iya zama hanyar tsira a addini, amma a siyasa hanya ce ta ƙasƙanci da mulkin kama-karya. Duk da haka shi kansa ya ce yana da guru uku: Buddha, da Kabir, da Jyotirao Phule, wanda shi da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848. Sunan Ambedkar ɗin ma wani malaminsa Brahmana ne da yake ƙaunarsa ya ba shi nasa. Ita ma Kerala babban jagoran da ya yaƙi wariyar aji a cikinta, Narayana Guru, da wannan laƙabin aka san shi har gobe. Waɗanda aka zalunta da sunan guru ba su yar da kalmar ba. Sun dai zaɓi wanda za su kira da ita.

Tsarin gurukula ya ja baya sosai a zamanin mulkin Turawan Ingila, musamman bayan takardar wani jami'insu, Macaulay, ta 1835 da ta karkata kuɗin gwamnati zuwa karatu da Turanci. Ƙoƙarin farfaɗo da shi ya zo ta fuska daban-daban. Ƙungiyar Arya Samaj ta buɗe makarantarta ta farko a Lahore a 1886, wadda ta haɗa boko da karatun Veda. Rabindranath Tagore ya kafa tasa a Santiniketan a 1901, inda ake karatu a gindin bishiya. Swami Shraddhanand ya kafa Gurukul Kangri kusa da Haridwar a 1902. Bayan samun 'yanci, mutanen RSS suka buɗe makarantarsu ta farko a Gorakhpur a 1952, sannan a 1977 aka haɗa irinta ƙarƙashin Vidya Bharati, wadda yanzu take da makarantu fiye da dubu goma da ɗalibai fiye da miliyan uku. A can ana kiran malami acarya, ana fara yini da addu'o'in Sanskrit, ana koya wa yaro ya taɓa ƙafar iyayensa kafin ya fito gida. Gwamnati kuma ta samar da nata salon wanda bai jiɓinci ibada ba: tun 1962 ake bikin ranar malamai kowace 5 ga Satumba, ranar haihuwar shugaban ƙasa Sarvepalli Radhakrishnan, wanda malamin falsafa ne.

Sai dai a duk waɗannan, in ban da tsirarun makarantun kwana, abu ɗaya ya sauya wanda ba a cika faɗa ba. Malamin yau ma'aikaci ne. Yana karɓar albashi, yana ganin yaro sa'o'i shida a cikin aji mai yara arba'in ko hamsin, bana yana nan baɗi an sauya shi. Wannan ba aibi ba ne, kuma da yawansu suna aiki tuƙuru a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma nauyin da yake ɗauka ba irin na wancan ba ne. Idan hukumar makaranta ta sa bikin wanke ƙafa a jadawali, ta jera yara, ta zaunar da duk wanda yake cikin jerin ma'aikata har da baƙin da aka gayyato, to an ɗauko girman da aka tanada wa mutum ɗaya da ya cancanta an raba wa muƙami. Abin lura ma shi ne RSS ɗin kanta ba ta yarda ta ɗauki wani mutum a matsayin guru ba. Wanda ya kafa ta a 1925, K. B. Hedgewar, tutarsu mai ruwan goro ya sa a wannan matsayi, ita ake kai wa kyautar sallama duk shekara, bisa hujjar cewa mutum kome girmansa yana iya zamewa.

Ɓangaren iyaye ya fi taɓa zuciya, kuma a nan ne na fi jin tausayin masu shirya bukukuwan. Ana gayyato uwa da uba makaranta ko wurin karatun addini na ƙarshen mako, a zaunar da su. Yaro ya wanke musu ƙafa, ya ɗiga musu jan alama a goshi, ya rataya musu furanni, ya zagaya fitila a gabansu, ya kewaye su, ya faɗi ƙasa. Su kuma su ɗago shi su rungume. Kusan kullum da kuka ake tashi. Kewayen nan daga labarin abin bautarsu Ganesha aka ɗauko shi, wanda aka sa shi tseren zagaya duniya da ɗan'uwansa, sai ya kewaye iyayensa ya ce su ne duniyata. Ana kuma ba su labarin Shravana, wanda ya saɓa iyayensa makafi a cikin kwanduna biyu ya kai su ziyarar wuraren ibada. Dalilin da ya sa makarantu suka ɗauki abin da a da aikin gida ne ba ɓoyayye ba ne. Babban gida yana watsewa, 'ya'ya suna Bengaluru ko Dubai ko Amurka, tsofaffi suna ƙauye su kaɗai. Ƙidayar 2011 ta sami mutum kimanin miliyan 104 da suka kai shekara 60. A 2007 sai da majalisar ƙasar ta yi doka da ta ba iyaye damar kai 'ya'yansu gaban kotu ta musamman don neman kuɗin ciyarwa, har zuwa rupi 10,000 a wata, tare da ɗaurin da zai iya kai wata uku ga wanda ya yasar da tsohonsa. Ƙasar da aka haddace "matru devo bhava" ita ce ta bukaci wannan doka. Wanda ya ga haka ya ce bari mu kama yara tun suna ɗanyu, ba mugun nufi gare shi ba.

Amma dubi ta hannun wa bikin ya fi yaɗuwa. Wani mai wa'azi da ake kira Asaram, mai ɗaruruwan cibiyoyi da makarantun kwana da mabiya masu ɗimbin yawa, shi ya yayata mayar da 14 ga Fabrairu ranar bautar uwa da uba a madadin ranar masoya. Gwamnatin jihar Chhattisgarh ta karɓa, ta sa makarantunta su riƙa yi tun daga 2012. A watan Agustan 2013, wata yarinya 'yar shekara 16 da take karatu a ɗaya daga makarantunsa ta yi rashin lafiya. Aka ce wa iyayenta aljanu ne, sai guru da kansa zai cire. Iyayen mabiyansa ne na shekaru. Da hannunsu suka kai ta cibiyarsa kusa da Jodhpur, suka tsaya a waje. A 25 ga Afrilun 2018 kotu ta same shi da laifin yi mata fyaɗe, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Kafin a kai nan an kashe uku daga cikin shaidun ƙararrakin da ake yi a kansa. A 2023 wata kotu a Gujarat ta sake yanke masa irin wannan hukunci a kan wata matar.

Ba na kawo wannan don in shafa wa al'adar baƙin fenti ba. Mai cin amana da rigar malanta babu addinin da ya rasa shi, kuma mu ma mun ga namu. Na kawo shi ne don ya nuna inda haɗarin yake. Yaron da aka koya wa sunkuyawa da hidima aka cire masa tambaya, ba shi da kalmar da zai faɗa ranar da babba ya saki hanya. Iyayen da aka koya wa cewa shakkar guru zunubi ne, su ma an kwance musu makami. Abin da ya ceci shari'ar nan shi ne yarinyar ta faɗa wa iyayenta, su kuma suka gaskata ta suka bar gurun, suka jure barazana kusan shekara biyar. Wato sun yi aiki da rabin nassin da ba a rubutawa a bango.

Doka tana da abin cewa, ko da yake ba ta rufe maganar ba. Sashe na 28 na tsarin mulkin Indiya ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati take ɗaukar nauyinta gaba ɗaya, ya kuma ce a makarantar da gwamnati ta amince da ita ko take tallafa wa, ba a tilasta wa ɗalibi shiga ibada sai da yardarsa ko ta waliyyinsa. Dokar ilimi ta 2009 ta haramta duka da muzgunawa. Masu kare bikin suna cewa al'ada ce ba addini ba, masu suka suna cewa sunansa ma puja, wato ibada. A jiha irin Kerala, inda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi ne kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar Kirista, wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Yarda kuma abu ne mai wuyar aunawa ga ɗan shekara goma da yake tsaye a layi, malamin da zai ba shi maki yana kallonsa. A ganina, abin da ɗa ya yi wa uwarsa a gida, ko almajirin kiɗa da rawa ya yi wa gurun da ya raine shi shekaru, nasu ne, kuma ba na raina hawayen da ake zubarwa a wurin. Abin da hukuma ta tsara ta kira masu ɗaukar hoto, wannan wani abu ne dabam. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: makarantar da take son a ba malamanta girman guru, sai ta fara nuna nauyin da suka ɗauka, ta kuma buɗe ƙofar da yaro zai kai ƙara ba tare da tsoro ba.

A Keralar nan dai, wata uku bayan Guru Purnima, akwai wani biki da ban taɓa jin an kai shi gaban hukuma ba. Sunansa Vidyarambham, fara karatu, ana yin sa ranar Vijayadashami, wajen Satumba ko Oktoba. Iyaye suna kawo yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Dubbai suna zuwa Thunchan Parambu a garin Tirur, mahaifar mawaƙin da ake ɗauka uban harshen Malayalam, a gundumar Malappuram wadda yawancin mutanenta Musulmi ne. Wasu coci-coci ma sun ɗauki al'adar da nasu kalmomin. Malami ko marubuci ko kaka yana zama a ƙasa, ya ɗora yaron a cinyarsa. Ya ɗauki zoben zinariya ya taɓa harshen yaron da shi kamar mai rubutu. Sannan ya kama ɗan yatsansa manuni, ya sunkuya, su rubuta haruffan farko tare a cikin farantin shinkafa, yaron sau da yawa yana ta kuka yana fizgewa. Idan an gama, uban yaron ya miƙa wa malamin ganyen betel da ƙwallon areka, waɗanda ake taunawa kamar goro, da ɗan kuɗi, a share shinkafar, a miƙo na gaba.